Tambayi Likita: Rauni ya warke, hannu bai daina zugi ba

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan wata daga cikin waɗanda suka iso mana daga Gombe da kewayenta, saboda dukkansu a kan ciwon jijiya suke, kuma kowace ta ambaci sinadarin kalsiyam ta fuskarta. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa uku. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi wadda mahauta suka fi kowa sani, sannan akwai farar jijiya mai kama da zare wadda ke kai saƙo tsakanin fata da laka da ƙwaƙwalwa. Ta ukun nan nake nufi duk inda na ce jijiya a cikin amsoshin da ke tafe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a Jekadafari. Wata bakwai da suka wuce na faɗi a kan babur a hanyar Kumo, gilashin madubi ya yanke ni a wuyan hannun dama, aka yi mini ɗinki, kuma raunin ya warke sarai, saura tabo. Amma har yau babban yatsa da manuni da na tsakiya ba sa jin yadi sosai idan ina tura shi ƙarƙashin allura, ga su kuma da zugi kamar an zuba musu barkono, musamman da dare. Idan bakin hannun riga ya goga tabon sai in ji kamar wutar lantarki ta fizge ni. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce ƙarancin kalsiyam ne, na shanye kwalba biyu na ƙwayoyinsa ban ga canji ba, gwaggona kuma ta ce jifa ne. Ta yaya hannu zai mutu kuma ya riƙa ciwo a lokaci guda?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam tela, Allah Ya ƙara sauƙi. Yatsu ukun da ka lissafa sun ba ni amsa tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarka, domin jijiya ɗaya ce ke ɗauke da jinsu, tare da rabin yatsan zobe, kuma ta tsakiyar wuyan hannu take bi, ba ta da nisa da fata. Ga dukkan alamu gilashin bai tsaya a fata ba. Fata takan haɗe cikin mako biyu, ita kuwa jijiya lissafinta na watanni ne.

Mai kemis ya ambaci sunan da ya dace, sai dai ya nemi maganin inda ba ya nan. Jikin baligi yana ɗauke da kusan kilo 1 na kalsiyam, kuma kashi 99 cikin 100 yana daskare a ƙashi da haƙori, dangin abin da ke cikin dutsen da ake fasawa a Ashaka a yi siminti. Ragowar ɗan kaɗan ɗin da ke narke a cikin jini da ruwan jiki shi ne ke aikin isar da saƙo. A shekarar 1883 wani likitan Landan mai suna Sydney Ringer ya lura cewa zuciyar kwaɗo da aka ciro tana ci gaba da bugawa a cikin ruwan gishirin da mataimakinsa ya haɗa da ruwan famfo, amma ba ta daɗewa a cikin wanda aka haɗa da tataccen ruwa, da ya bincika sai ya tarar bambancin kalsiyam ne. Sunansa ne har yau a jikin wasu ledojin ƙarin ruwa da ake ratayawa majinyata. Jiki yana tsare ma'aunin wannan kalsiyam na jini da kishi ƙwarai, idan ya ragu ya ranto daga ƙashi, idan ya yi yawa ƙoda ta zubar, saboda haka ƙwayoyin da ka sha ba su da hanyar canza abin da ke faruwa a cikin jijiyarka.

Abin da ke faruwa a cikin jijiyar ya fi kama da madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Kalsiyam da ke wajen kowace ƙwayar jijiya ya ninka na cikinta fiye da sau 10,000, tamkar ruwan da ya taru a bayan bango yana neman inda zai ɓulle. A jikin bangon akwai ƙofofi da ke buɗewa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba duk sa'ad da saƙon lantarki ya iso, kalsiyam ya kwarara ciki, ya yi aikinsa, nan take kuma famfuna su kwashe shi, wasu su tura shi waje, wasu su zuba shi a wani rumbu na cikin ƙwayar. Hawa da saukar nan su ne harshen da ƙwayar ke magana da shi. Kwatancenka na barkono ma ya fi yadda kake zato dacewa, domin a 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka sun gano ƙofar da yajin barkono ke buɗewa a bakin jijiya, suka tarar ita ce kuma zafin da ya haura digiri 43 ke buɗewa, kuma kalsiyam na daga cikin abin da ke shiga ta nan. Aikin ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin yatsa, layin da saƙo ya biyo kawai take dubawa, don haka idan layin ƙuna ya yi ƙara, ƙuna za ka ji ko da hannunka a cikin randa yake.

Ka sani kuma cewa uwar ƙwayar jijiyar da ke jin yatsanka ba a hannu take ba. Tana zaune a wani ɗan ƙulli mai kamar ƙwayar wake a gefen ƙashin wuyanka, ta miƙa dogon reshe ɗaya zuwa yatsa, gajere kuma zuwa cikin laka. A ranar da gilashi ya datse dogon reshen, bangon madatsar ya fashe a wurin, kalsiyam ya afka ciki ba ta ƙofa ba. Wannan ambaliya ta yi amfani da farko, domin ita ce ke sa bakin da ya tsinke ya liƙe kansa, ita ce kuma ke aika gargaɗi har wurin uwar ƙwayar cewa ta bar aikin yau da kullum ta koma gini. Guntun da ya rabu da uwarsa kuwa, wato daga tabon zuwa yatsu, cikin 'yan kwanaki kalsiyam ke tayar da wasu sinadarai masu narkar da ginshiƙan cikinsa har ya ruguje, a share wurin. Augustus Waller ne ya fara bayyana wannan rugujewa a 1850 a jijiyoyin harshen kwaɗo. Nan ne asalin mutuwar yatsunka.

Zugin kuwa daga ɓangaren da ya rage da rai yake fitowa. Bakin jijiyar yana fitar da sababbin tsiro masu laushi waɗanda ba su da rigar kariya, idan suka rasa hanya sai su cukurkuɗe su zama ƙulli a ƙarƙashin tabo, kuma ɗan gogi kaɗan ya isa ya sa su harba saƙo, wanda shi ne fizgar da hannun riga ke jawo maka. A can ɗaya bakin kuma, cikin laka, uwar ƙwayar da ta ji rauni tana ƙera wani ɗan sashe na ƙofar kalsiyam fiye da kima, masana suna kiransa alfa-2-delta-1, aikinsa shi ne rako ƙofofi zuwa bango ya kafa su. Ƙofofi suka yi yawa, kowane saƙo ya shigo da kalsiyam fiye da na da, sinadarin da ake fesa wa ƙwayar laka ta gaba ya ƙaru, ita ma ta gaban, da yake ana ta ƙwanƙwasa mata dare da rana, sai ta buɗe wasu ƙofofinta da a da suke toshe, ta zama mai saurin firgita. Clifford Woolf ya nuna a 1983 cewa rauni a jiki yana iya sa laka kanta ta ƙara ƙarar ciwo haka. Daga nan sai saƙon taɓawa na yau da kullum, wanda bai kamata ya dami kowa ba, ya riƙa isa ƙwaƙwalwa da sunan ciwo.

Ba kai ne farau ba. Tun 1864 likita Silas Weir Mitchell ya rubuta labarin sojojin yaƙin basasar Amurka da harsashi ya taɓa musu jijiya, waɗanda ke yawo da hannu naɗe a jiƙaƙƙen tsumma saboda ƙuna, alhali raunin ya daɗe da rufewa. Ka gaida gwaggo, ka ce mata addu'arta muna so, amma wanda ya yi jifan nan gilashin madubi ne.

Shawarata ita ce kada ka ƙara ko mako biyu ba ka ga likitan ƙashi ko na tiyatar hannu ba, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ya fi kusa da kai. Tambayar farko da za a nemi amsarta ita ce ko an ɗinke jijiyar kanta a ranar haɗarin ko fata kaɗai aka rufe, don haka ka tafi da katinka na wancan asibiti. Jijiyar da aka haɗa bakinta tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana, wato kusan santimita 3 a wata, kuma daga wuyan hannu zuwa kan yatsa tafiyar wata shida ce ko fiye. Likita zai bi layin jijiyar yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa daga tafin hannu zuwa sama, inda ka fara jin minjirya nan tsiron ya kai. Idan wata bakwai sun wuce kuma har yanzu a kan tabon kaɗai take, alama ce ta cewa tsiron ya maƙale. Ka dubi tudun naman da ke gindin babban yatsanka ka gwada shi da na hagu, idan ya fara lotsawa ka faɗa wa likita da bakinka, domin tsokar da ta daɗe ba jijiya ba ta cika dawowa ba. Kafin nan ka yi hankali da dutsen guga, yatsan da ba ya ji yana iya ƙonewa mai shi bai sani ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karanta ilimin aikin sassan jiki a Jami'ar Jihar Gombe. An koya mana cewa shigar kalsiyam cikin ƙwayar jijiya ita ce ke zaburar da ita. Sai kuma na karanta cewa bayan an ji wa jijiya rauni kalsiyam raguwa yake yi a cikin uwar ƙwayar. Idan haka ne, ai kamata ya yi ciwo ya ragu. Ina kuskuren yake?

AMSA: 'Yata, babu kuskure a cikin ko ɗaya, kuma na ji daɗin tambayar nan fiye da sauran, domin ni ma ta taɓa ɗaure mini kai. Abin da aka koya muku gaskiya ne a bakin jijiya da ke cikin laka, kamar yadda masana Bernard Katz da Ricardo Miledi suka tabbatar tun shekarun 1960, a mahaɗar jijiya da tsoka da makamantanta, cewa sai kalsiyam ya shiga ake fesa sinadarin saƙo. A jikin uwar ƙwayar kuwa kalsiyam yana da wani aiki na biyu da littattafan aji ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne aikin birki. Duk lokacin da saƙon lantarki ya wuce, kalsiyam ɗin da ya shigo yana buɗe wasu ƙofofin fotasiyam, fotasiyam ya fice, lantarkin cikin ƙwayar ya sauka ƙasa da yadda yake a hutu na ɗan lokaci, kuma a wannan tsakani da wuya ta sake harbawa. Gwargwadon yawan harbin, gwargwadon taruwar kalsiyam, gwargwadon ƙarfin birkin.

An samu damar ganin wannan da ido ne bayan 1985, lokacin da Roger Tsien da abokan aikinsa suka haɗa wani rini mai canza haske idan ya kama kalsiyam, sunansa fura-2, ko da yake ba shi da dangantaka da furar da muke damawa. A 1992 kuma wasu masana biyu, Kim da Chung, a jihar Tekzas ta Amurka suka fito da hanyar ɗaure jijiyoyin ƙugu biyu na ɓera, ta 5 da ta 6, a bar ta 4 lafiya, ɓeran ya riƙa janye ƙafa daga taɓawar da a da ba ya kula da ita. Da waɗannan kayan aiki biyu Quinn Hogan da ɗalibansa a garin Milwoki suka shafe shekaru suna auna ƙwayoyin da aka yanke wa reshe ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka tarar ya tafi kusan fuska guda. Kalsiyam da ke shiga ta ƙofofin jikin uwar ƙwayar ya ragu, ma'auninsa a lokacin hutu ya sauka, rumbun ciki ya zube, famfon da ke cika rumbun, wanda za ki gani a littafi da sunan SERCA, ya yi rauni, shi kuwa famfon da ke tura kalsiyam waje, wato PMCA, ya ƙara himma. Ƙwayar tana ƙoƙarin cike giɓin ta wata ƙofa ta musamman da ke buɗewa idan rumbu ya yi ƙasa, amma hakan bai mayar da ita yadda take ba. Sakamakon shi ne babur mai lafiyayyen inji wanda birkinsa ya cinye a gangara: inda a da za ta harba sau ɗaya ta huta, yanzu jerawa take yi.

Akwai wani wuri da ya fi burge ni. A inda guntun wuyan uwar ƙwayar ya haɗu da rassan biyu akwai mararraba, kuma saƙonnin da ke tahowa daga fata a jere da sauri ba duka suke tsallake ta ba, wasu a nan suke mutuwa, birkin kalsiyam ɗin nan na daga cikin abin da ke tare su. Bayan rauni, a siraran jijiyoyi masu ɗaukar saƙon ciwo, wannan shinge yana sassautawa, sai ayarin da a da ake ragewa ya wuce gaba ɗaya zuwa laka, inda ƙofofin da na bayyana wa Malam tela suke jiran sa a buɗe. Ƙwaya ɗaya ce, kalsiyam ya ragu a tsakiyarta ya ƙaru a bakinta, kuma duka biyun ciwo suke ƙarawa.

Idan za ki rubuta wannan a jarrabawa ki faɗi cewa a ɓera aka auna shi, kuma a ƙwayoyin da aka yanke. Maƙwabtansu da ba a taɓa ba ba lallai su bi sahu ba, a ɓera mai ciwon suga ma wani hoton ake gani, inda kalsiyam ke daɗewa a cikin ƙwayar ba a kwashe shi ba. Ki kuma ambaci ƙofofin sodiyam, masu tayar da saƙon lantarki, da ke taruwa a bakin raunin da na fotasiyam da ke ɓacewa, don kada malaminki ya ce kin ɗora wa kalsiyam laifin gari duka.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata tana da ciwon suga shekara 12, yanzu tafin ƙafafunta suna mata zafi da suka har ba ta iya rufa da zane da dare. An rubuta mata firegabalin, ta sha kwana uku ta ce jiri kawai yake sa ta. Ƙanena ya ce ƙwayar 'yan shaye-shaye ce, mu daina ba ta. Kuma na ji an ce yana toshe kalsiyam, alhali tana shan amlodifin na hawan jini wanda shi ma aka ce aikinsa ke nan. Ba za su cinye mata ƙashi ba? Daga wata Hajiya a Bajoga.

AMSA: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri bisa kula da Inna. In fara da abin da ya fi tayar miki da hankali: babu ɗayan magungunan nan biyu da aikinsa shi ne zare kalsiyam daga ƙashi ko rage shi a jini. Ƙofofin kalsiyam iri-iri ne, kowace da makullinta. Amlodifin yana tare irin da ke jikin jijiyoyin jini don su saki, jini ya sauka, shi ya sa ba ya maganin zugin ƙafa. Firegabalin da yayansa gabafentin kuwa suna maƙale wa ɗan sashen nan ne da na ambata a amsar farko, alfa-2-delta-1, mai rako ƙofofi zuwa bakin jijiya a cikin laka. Don farfaɗiya aka fara amincewa da gabafentin a Amurka a 1993, sai a 1996 aka gano inda yake kamawa, firegabalin kuma ya shigo kasuwa a 2004. Binciken Annette Dolphin a Landan ya nuna cewa babban aikinsu shi ne hana kai sababbin ƙofofi bakin jijiyar, ba rufe waɗanda ke can nan take ba. Ga shi kuma da ƙaramin awo ake farawa a riƙa ƙarawa a hankali, saboda haka kwana uku bai isa a yanke masa hukunci ba, likitoci sukan ba shi makonni. Jirin yakan ragu, amma a tsohuwa abin kula ne ƙwarai saboda faɗuwa a banɗaki, don haka ki koma wurin wanda ya rubuta shi ki nemi a duba awon, a kuma gwada ƙodarta, domin ta ƙoda maganin ke fita, kuma suga na shekara 12 yakan taɓa ta. Duka magungunan biyu suna iya kumbura ƙafa, ki riƙa dubawa.

Ƙanenki ma yana da tasa gaskiyar. Matasa suna shan firegabalin don maye, har Birtaniya ta sa shi cikin magungunan da doka ta tsaurara a kansu a 2019, kuma haɗa shi da tiramol ko kodin ko maganin barci yana iya danne numfashi. Abin da wannan ke nufi a gidanku shi ne a kulle maganin a adaka, ke ko shi ku riƙa ba ta da hannu, kada kuma a yanke shi rana ɗaya idan ta saba da shi, a hankali ake saukewa.

Ba na so kuma in sa miki rai fiye da kima. Wani babban nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwajen magungunan ciwon jijiya, ya nuna cewa sai an ba mutum bakwai zuwa takwas firegabalin ko gabafentin kafin a samu ɗaya da ciwonsa ya ragu da rabi saboda maganin kansa. Tsohon magani mai araha, amitiriftilin, da danginsa sun fi haka a lissafin, kusan ɗaya cikin huɗu, sai dai yana busar da baki, yana sa barci, kuma ba kowane mai ciwon zuciya ake ba shi ba. Idan wannan bai karɓe ta ba akwai na gaba, abin gwadawa ne tare da likita. Wanda ba na so ta dogara da shi shi ne diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis, domin kumburi suke magani, zugin jijiya ba ya jin su, ga su da cin ƙoda da gyambon ciki. Idan tana shan maganin suga metfomin tun da daɗewa, a auna mata bitamin B12, ƙarancinsa ma yana kawo irin wannan zafi. Ki riƙa duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare da fitila, kada ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, ruwan ɗumin alwala a lokacin hunturu kuma ki fara taɓa shi da gwiwar hannunki.

TAMBAYA: Likita, an yi mini aikin maƙoƙo kwana biyar da suka wuce. Tun jiya leɓɓana da kan yatsuna suke minjirya, ɗazu da ina wanke-wanke yatsun suka ƙage suka haɗe wuri guda. Maƙwabciyata ta ce jijiya aka taɓa, in yi haƙuri zai wuce. Ko in sayi kalsiyam? Daga wata matar aure a Pantami.

AMSA: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta sa na kira lambar da kika bari tun ranar da ta iso, kuma ina buga ta ne saboda wasu. A cikin huɗun nan ke kaɗai ce alamunki ke nuna ƙarancin kalsiyam na gaske. A bayan maƙoƙo akwai wasu ƙananan kaluluwa huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, su ne ke riƙe ma'aunin kalsiyam a jini, kuma aikin tiyata yakan gigita su na ɗan lokaci, wani sa'in ma a rasa su. Idan kalsiyam na wajen jijiya ya sauka, ƙofofin sodiyam suna buɗewa da ɗan abu kaɗan, lafiyayyun jijiyoyi su riƙa harbawa da kansu. Shi ya sa abin ke zuwa a hannu biyu da kewayen baki lokaci guda, saɓanin na Malam tela da ya tsaya a yatsu uku na hannu ɗaya. Haɗarin shi ne ƙagewar tana iya kaiwa ga maƙogwaro ko ta rikita bugun zuciya.

Duk wanda ya ga haka bayan aikin maƙoƙo ya koma asibitin da aka yi masa aikin a ranar, ko da dare ne, ba tare da ya tsaya a kemis ba. Za a ɗebi jini a auna kalsiyam da maganiziyam, idan ya yi ƙasa sosai ta jijiyar jini ake sa shi a hankali ana lura da zuciya, daga baya a koma ƙwayoyi tare da irin bitamin D da ba ya buƙatar waɗannan kaluluwa kafin ya yi aiki, a riƙa maimaita awon jini har a ga ko sun farfaɗo.